Bikin da Ba a Yi Ba: Ally McBeal da Masu Kai Ƙarar So Gaban Alƙali

A daren Litinin, 21 ga Mayu, 2001, tashar Fox ta Amurka ta haska kashi na ƙarshe na zango na huɗu na shirin Ally McBeal. An raɗa wa kashin sunan bikin aure, domin abin da aka tsara ke nan tun farko: lauyar nan ta birnin Boston da ta yi shekaru tana laluben mijin da zai dace da ita za ta shiga daga ciki. Amma mako guda kafin ranar, angon ya bar gari. An rushe labarin an sake gina wani cikin gaggawa, suna kaɗai aka bari.

Ni a ganina wannan kashi da aka rubuta ala tilas ya fi bikin da aka shirya faɗin gaskiya. Kuma gaskiyar ta wuce talabijin, ta taɓo wata tambaya da majalisun dokoki da alƙalai suka daɗe suna kokawa da ita: idan mutum ya yi maka alkawarin so ya saɓa, me kotu za ta iya yi maka, me kuma ya kamata ta tsame hannunta daga ciki?

David E. Kelley ne ya ƙirƙiri shirin, mutumin da ya karanta aikin lauya ya kuma yi shi a Boston kafin ya koma rubutun talabijin. An fara haska shi a Satumbar 1997. Calista Flockhart ce ta fito a Ally, matashiyar lauya da ta bar wurin aikinta na farko saboda wani babba a ofishin da ya kasa kama hannunsa, ta koma kamfanin lauyoyi na abokin karatunta, Richard Fish. Tana shiga ta tarar da Billy, saurayinta tun na ƙuruciya, yana aiki a wurin, kuma ya yi aure. Ba a jima ba matar tasa, Georgia, wadda ita ma lauya ce, ta kama aiki a ofishin. Wannan ƙulli ne ya ciyar da shirin har zango na uku, inda Billy ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kotu, ƙari a ƙwaƙwalwa ya zama ajalinsa.

Dariya da hawaye a cakuɗe suke a shirin. Lauyoyi na tiƙar rawa a banɗakin ofis, bayan an tashi a sauka mashaya a sha waƙa, ita kuma Ally tana ganin wani jariri yana rawa wanda ba mai ganinsa sai ita. A 1998 mujallar Time ta sa fuskarta a bango kusa da fuskokin manyan matan da suka yi gwagwarmayar 'yancin mata a Amurka, tana tambaya ko gwagwarmayar ta mutu ne. A 1999 shirin ya ci kyautar Emmy ta barkwanci, a daren da wani shirin lauyoyi na Kelley ɗin, The Practice, ya ci ta ɓangaren da ba na dariya ba.

Abin da ya raba shi da sauran shirye-shiryen lauyoyi shi ne irin ƙararrakin da ake kawowa. Yawancinsu na mutanen da aka ɓata wa rai ne: wanda aka kora daga aiki saboda kamanninsa, matar da miji ya juya wa baya, wanda aka yi wa alkawari aka shanya shi. Lauya zai miƙe gaban masu taya alƙali yanke hukunci, ya ture littafin doka gefe, ya yi ta magana a kan kaɗaici da bege. Duk lauyan gaske zai gaya maka da yawa daga cikin waɗannan ƙararraki ba za su wuce zaman farko ba, kuma Kelley ya fi kowa sanin haka. Da gangan ya mayar da kotu wurin da ake zuwa a amayar da abin da ke cin rai.

A zango na huɗu aka kawo Robert Downey Jr. ya fito a Larry Paul, lauya mai kaifin baki da saurin ɗaukar haske, namiji na farko da ya iya tafiya da shirmen Ally ba tare da ya raina ta ba. Fitowar Downey ke nan daga gidan yari a Kalifoniya, a Agustan 2000, bayan ya yi kusan shekara a ciki saboda shaye-shaye da saɓa sharuɗɗan da kotu ta gindaya masa. Zuwansa ya farfaɗo da shirin, masu kallo suka ƙaru, ya karɓi kyautar Golden Globe a Janairun 2001. Sai dai tun a Nuwambar 2000 an sake kama shi da ƙwaya a wani otal a Palm Springs, masu shirin suka daure suka ci gaba da shi. Ranar 24 ga Afrilu, 2001, 'yan sanda suka kuma tsince shi a wani lungu a Culver City ba ya cikin hayyacinsa. A wannan karon aka sallame shi. Saura 'yan makonni a rufe zango, ga biki a rubuce, ga ango babu.

Kelley ya sake ɗaukar alƙalami. Larry ya tattara ya koma Detroit wurin ɗansa, ya bar wa Ally guntuwar takardar sallama.

Ba zan daɗe a kan ko korar ta dace ba. Masu zuba kuɗi ba za su jingina zango guda a kan mutumin da ba a san ko gobe a gida zai kwana ko a hannun 'yan sanda ba. Shi kansa Downey ya ci moriyar wata doka da masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ita a 2000, mai tura ɗan shaye-shaye wurin magani maimakon kurkuku. Ya warke, ya dawo, a 2008 ya fito a jarumin fim ɗin Iron Man, a 2024 ya karɓi kyautar Oscar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaɓin da marubucin ya yi. A namu shirye-shiryen masu dogon zango, idan jarumi ya samu saɓani da furodusa, sau da yawa wani ake sakawa a gurbinsa a ci gaba kamar ba a yi komai ba, mai kallo ya wayi gari ya ga matar Alhaji ta sauya fuska. A Amurka ma ana yin haka. Kelley bai yi ba. Rashin da ya same shi a bayan kyamara ya ɗauko ya ɗora wa jarumarsa a gaban kyamara, ya bar ta ta ji zafinsa.

A kashin ƙarshen, Ally na fama da ciwon rabuwa sai aka haɗa ta da ƙarar wani ɗan sakandare mai suna Malcolm Wyatt. A Amurka ɗaliban da za su kammala sakandare suna da wata liyafar rawa ta ƙarshen shekara da suke ɗauka da girma ƙwarai: a yi hayar kwat, a ɗinka riga, a sayi fure, kowane yaro ya zo da yarinyar da ta amsa masa. Wata yarinya ta amsa wa Malcolm, daga baya ta janye, shi kuwa ya kai ta ƙara. Wani mawaƙi ɗan shekara 20 da ba a san shi ba a lokacin, Josh Groban, shi ya fito a yaron.

Dubi yadda aka jera su. Ga yaro an bar shi, yana da wadda zai kai ƙara. Ga lauyarsa an bar ta, ta san doka ciki da waje, kuma ta san babu kotun da za ta aika wa Larry sammaci a kan ya daina sonta. Kuma ba hukuncin alƙali ne ya kai Malcolm liyafar ba. Ally ce ta raka shi, babbar mace lauya a tsakiyar 'yan sakandare, ya hau dandamali ya rera waƙa, ita kuma tana saurare da nata ciwon. Larry bai dawo ba. A haka aka rufe zango.

Masu sukar kashin suna da abin faɗa. Ɗinkin gaggawa ne, zare a waje yake. An yi wata da watanni ana nuna mana Larry a matsayin mutum mai fuskantar magana, sai a kashi ɗaya aka mayar da shi matsoracin da ke sulalewa ya bar takarda. Bai tsaya sun haɗa ido ba, domin wanda zai tsaya ɗin ba ya wurin ɗaukar shiri. Duk na yarda. Amma a tambayi duk wadda aka taɓa bari, ta faɗa ko an ba ta sanarwa. Mutumin da jiya ya kira ki sau uku, yau layinsa a kashe, hotonsa ya ɓace a WhatsApp, ƙanwarsa da kuke wasa da dariya ta fara amsa miki gaisuwa a daƙile. Halin da kika sani da halin da ya nuna ranar tafiya ba sa haɗuwa, kuma wannan rashin haɗuwar shi ne ke hana barci. Da Kelley na da Downey a hannu, da ya rubuta kyakkyawar rabuwa mai dogon jawabi, kowa ya faɗi nasa, a yi kuka a rungumi juna. Da ta fi daɗin kallo, da kuma ta fi nisa da abin da ke faruwa da mutane.

Shirin bai sake komawa yadda yake ba. A zango na biyar an kawo sababbin fuskoki, Ally ta sayi gida, wata yarinya 'yar shekara 10 ta ƙwanƙwasa mata ƙofa a matsayin 'yarta ta hanyar ƙwan da ta taɓa bayarwa a asibiti. Masu kallo suka ragu, aka rufe shirin a Mayun 2002. Bikin da aka yi a kashi na ƙarshe na Richard Fish ne. Ita Ally ta bar Boston ta koma New York saboda 'yarta, ba miji.

To me ke kai mutum kotu a kan so? An fi cewa kwaɗayi ne ko ramuwar gayya. Akwai su, amma ina ganin akwai abin da ya fi su yawa. Sammaci ne kaɗai takardar da ke tilasta wa wanda ya guje ka ya zo ya zauna ɗaki ɗaya da kai ya amsa tambaya. Ka kira bai ɗauka ba, ka aika bai amsa ba, ka je gida an ce ya fita. Amma idan ma'aikacin kotu ya kai masa takarda, ranar da aka sa da ƙarfe tara zai zo. Wanda aka bari ba bayani zai iya cin bashi ya biya kuɗin shigar da ƙara saboda wannan zama kaɗai.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na kotun shari'a a garuruwanmu ya ga irin wannan. Saurayi ya zo da takarda ya jero hidimar da ya yi: waya, turmin atamfa uku, kuɗin anko, kayan shan ruwa na azumi biyu, kuɗin kati, har kuɗin adaidaita sahu na ranar da ta raka ƙawarta asibiti. Magatakarda na karantawa, mutane na ƙunshe dariya, yarinya ta ja mayafi ta rufe fuska, mahaifinta ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alƙali ya ce, “To Malam, kuɗinka kake so a biya ka?” Sai ka ji murya ta sauya: “Allah ya gafarta Malam, ni so nake ta faɗi laifin da na yi mata.” A nan ainihin ƙarar take, kuma a nan ne alƙali ba shi da abin yi. Zai iya sa a dawo da waya. Amma idan ya matsa wa yarinya sai ta faɗi dalili, ko dai ta shirga ƙarya don ta tsira da mutuncinta, ko ta faɗi gaskiyar da ta fi rabuwar ciwo, a gaban kotu cike da mutane: ba ka yi mini komai ba, ba na sonka ne kawai.

Turawa sun daɗe suna gwada ɗaya hanyar. A Ingila da Amurka an yi ɗaruruwan shekaru ana ɗaukar alkawarin aure a matsayin yarjejeniya kamar ta ciniki, wanda aka saɓa wa na iya neman diyya. Dalilin a fili yake. A zamanin da mace ba ta da hanyar abinci sai ta aure, wadda aka fasa aurenta ta yi asarar da ta wuce ta zuciya, musamman idan mutane sun fara zargin an wuce gona da iri tsakaninsu. Amma zuwa shekarun 1920 da 1930 abin ya zama wasan kwaikwayon jaridu. Ana karanta wasiƙun soyayya a bainar jama'a, masu kuɗi na biya a ɓoye don kada sunansu ya fito, ana zargin wasu sun mayar da ƙarar hanyar tatsa. A 1935 wata 'yar majalisa a jihar Indiana, Roberta West Nicholson, ta kawo ƙudurin da ya soke irin waɗannan ƙararraki, New York ta bi sahu a shekarar, jihohi da dama suka biyo baya. Massachusetts, jihar da Boston take, ta soke ƙarar saɓa alkawarin aure a 1938. Ingila ta yi nata a 1970. Ke nan a Boston ta gaske, ko wanda aka fasa aurensa ana gobe biki ba shi da ƙarar diyya tun shekara 63 kafin a haska wannan kashi, balle yaron da aka ƙi raka wa rawa. Ragowar tsohon tsarin na nan a 'yan jihohi irin su North Carolina, inda har yanzu ana iya ƙarar wanda ya shiga tsakanin miji da mata, kuma an sha yanke diyyar miliyoyin daloli. Ban ji auren da irin wannan hukunci ya dawo da shi ba.

Da aka rufe ƙofar diyyar ɓacin rai, sai aka bar ta kaya a buɗe, kuma a nan ne kowace al'umma ta nuna yadda take tunani. A Ingila dokar 1970 ta ɗauki zoben baiko a matsayin kyauta ta har abada, mace ta riƙe abinta, sai in an tabbatar da an ba ta ne bisa sharaɗin za ta mayar idan aure bai yiwu ba. A Massachusetts an yi shekaru fiye da 60 alƙalai na bincika wa ke da laifi kafin su ce wa zai tafi da zobe. A Nuwambar 2024 babbar kotun jihar, a wata shari'a kan zoben da kuɗinsa ya haura dala 70,000, ta yi watsi da wannan bincike: idan aure bai yiwu ba zobe ya koma wurin wanda ya bayar, ko laifin wane ne. Hujjar alƙalan ita ce gano mai laifi a rabuwar masoya abu ne mai wuyar gaske, kuma ai lokacin baiko don gwaji aka yi shi.

Malaman Malikiyya, waɗanda fiƙihunsu ne kotunanmu na shari'a ke bi, sun tsaya a tsakiya. A wurinsu baiko alkawari ne, ba ɗaurin aure ba, kowane ɓangare na iya janyewa. Sadakin da aka riga aka bayar ana mayar da shi. Kyaututtuka kuwa, maganar da ta shahara ita ce idan namiji ne ya fasa ba ya karɓar komai, idan daga ɓangaren mace ne a mayar masa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta nuna akasin haka. A cikin ukun wannan ya fi kwanta mini, saboda tambayar da yake yi ita ce wa ya fasa, ba me ya sa ya fasa ba. Ta farko shaidu biyu sun isa su amsa ta. Ta biyu sai an tona asiri. Na san yana da tsada a wasu lokuta: saurayin da ya janye saboda ya ga abin da ba zai iya ɗauka ba zai tafi hannu rabbana, yarinyar da ta gano nata mashayi ne sai ta haɗa kaya ta mayar. To, kuɗin 'yanci ke nan, kuma ya fi arha a kan a tsaya gaban jama'a ana faɗin abin da aka gani.

Abin lura, duk cikin tsarin nan uku babu wanda ya yi wa ɓacin rai farashi. A Najeriya kuwa har yanzu ana iya shigar da ƙarar saɓa alkawarin aure a manyan kotuna, gadon dokar Ingila da ita Ingilar ta yar fiye da shekara 50 da suka wuce.

Hujja mafi ƙarfi mai ƙalubalantar abin da nake faɗa tana hannun mata. Yarinya ta yi shekara biyar da saurayi. Ya kore kowa, duk unguwa an san ta da shi, manema sun zo an ce musu an yi mata miji. Ya gama karatu, ya samu aiki a Abuja, sai ta ci karo da katin bikinsa da wata a Facebook. Shi asarar me ya yi? Ita kuwa ta kai 28 a cikin al'ummar da ke fara ƙirga wa mace shekaru tun tana 20. Ka ce mata doka ba ruwanta da zuciya, za ta ce maka ai ba zuciya kaɗai aka taɓa ba, rayuwarta aka ɓata. Kuma gaskiyarta ne. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka ya yar a hanya bai kamata ya wuce salin alin ba.

Amsata ba za ta gamsar da ita gaba ɗaya ba. Duk asarar da za a iya kawo rasit ko shaida a kanta, a biya: aikin da ta ajiye saboda ya ce matarsa ba za ta yi aiki ba, kayan ɗakin da uba ya ci bashi ya saya bayan an sa rana, kuɗin wurin biki, kuɗin kati da abinci. Wanda ya fake da alkawarin aure ya karɓe mata kuɗi ko fili, wannan damfara ce, dokar laifuka ta san da ita. Amma shekarun? Ban ga alƙalin da zai yi musu kuɗi ba tare da an ci mutuncinta a hanya ba. Kafin ya ƙiyasta sai ya auna yadda take da farin jini da can da yadda ta koma yanzu, lauyan saurayi kuma ya tashi ya tono duk namijin da ta taɓa gaisawa da shi don ya rage wa wanda yake karewa nauyi. Jiya wasiƙu ake karantawa a kotunan Amurka, yau hirar waya ce za a buga a takarda a miƙa wa magatakarda, da hotuna da saƙon murya. Ta shiga da ciwo ɗaya, ta fito da biyu, kuma na biyun yana yawo a wayoyin mutane.

Akwai kuma illa ta biyu da ba a cika kawowa ba. Idan fasa aure na jawo tara mai nauyi, wasu za su cije su yi auren don gudun tara. Auren da tsoron kotu ya ɗaura ba ya nisa. Sai a dawo gaban alƙalin nan dai, wannan karon da ciki ko da goyo, ana maganar saki da ciyarwa. Wanda zai tafi, gara ya tafi tun kafin a shafa fatiha.

Saura bayanin, abin da Malcolm ke nema da abin da saurayin mai takardar hidima ke nema. Ally ba ta da baffan da zai bi Larry har Detroit ya ce masa ba haka ake yi ba. Abin da take da shi abokan ofis ne da masu ba da shawara da ake biya kuɗin awa. Ina jin wannan ne ya sa kotu ta zama komai a duniyar shirin: ita ce ɗaki na ƙarshe da ya rage inda za a iya tara mutum biyu a sa ɗaya ya saurari ɗaya. Mu ba mu kai nan ba, amma mun kama hanya. Muna da cikakken tsarin shiga neman aure: a turo manya, a kai goro da alewa, a ba da kuɗin gaisuwa, a sa rana, kowane mataki da shaidunsa. Tsarin fita ne muka bari ya lalace. Yaro ya fasa, iyayensa su yi gum, in an haɗu a masallaci a kau da kai, har sai gidan yarinya sun ji labari a bakin 'yan unguwa.

Baffan da ya sa babbar riga ya kai goro, shi ya kamata ya sake sa ta ya koma gidan, da yaron a bayansa. A zauna a zauren da aka zauna da farko, a faɗi abin da zai faɗu, a lissafa kaya a nan take, a ba da haƙuri baki da baki. Idan daga ɓangaren yarinya ne, waliyyinta ya yi wannan tattakin. Zama ne mai nauyi, shi ya sa kowa ke gudunsa, amma nauyin na cikin amfaninsa: saurayin da ya san zai durƙusa gaban mahaifin yarinya ya janye da bakinsa zai yi tunani kafin ya turo tun farko. Iyayen mata kuma su daina zura ido zance ya kai shekara biyar ba a ce wa yaro ya fito ba, don kawai ana ganin yana da alamar samu nan gaba.

Masu yin doka a Najeriya su ma da nasu aikin, kuma ba mai yawa ba ne. A taƙaita ƙarar saɓa alkawarin aure ta tsaya a kan asarar dukiya da za a iya tabbatarwa, a cire diyyar ɓacin rai da ta zubar mutunci, a kuma ba alƙali damar sauraren irin wannan shari'a a ofishinsa maimakon a buɗaɗɗiyar kotu idan ɗaya daga cikin ɓangarorin ya nema.